Sawun Jakin Sabo

"Ki rage murya, Hapsatu, maƙwabta suna ji," in ji Ɗanbala mai bin sawu. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gidansa, koko na hucewa a gabansa.

"Su ji mana, Kawu. Ranar da ka jawo rabin gari zuwa ƙofar gidanmu a ɓoye ka yi? Kalangu kawai ya rage a buga maka."

"Ni sawun jaki na bi. Ban ce mijinki ɓarawo ba ne."

"Ba ka ce ba, yatsa ka nuna. Ga shi can a tsare a Birnin Kudu, an ce ya zaɓa. Ko ya amsa cewa shi ya saci injin Alhaji a ɗaure shi wata shida, ko a miƙa shi wurin masu shari'ar fashi da makami, inda ake ɗaure mutum a jikin durom a harbe shi. Sabo fa, Kawu. Mutumin da in zai yanka kaza sai ya kira maƙwabci."

Ma'u, matar Ɗanbala, tana bakin madafa tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe tun ɗazu. Ta bayan danga kuwa mata sun yi layi, kowacce wai kazarta ce ta ɓata. Kun san matan Kafin Marke, kazarsu ba ta ɓata sai ranar da ake faɗa a gidan wani.

"Ranar Litinin za a shiga kotu," Hapsatu ta ci gaba, muryarta ta sauko. "Ya ce mini zai amsa. In ya amsa, 'ya'yana sun zama 'ya'yan ɓarawo har su mutu. Kai ka kai shi can, kai za ka fito da shi. Ka koma ka bi sawunka da kyau."

Ta gyara goyonta ta fita. Ɗanbala ya dubi kokon, ya ture shi gefe.

Abin da ya faru kuwa shi ne, a ranin farko bayan an yanke mana jiha daga Kano, ruwan kogi ya ja baya ƙwarai, har jigo ya daina kaiwa. Manoman fadama suka dogara da injin ban ruwa guda ɗaya da aka ba ƙungiyarsu, aka ajiye shi a lambun Alhaji Ishiyaku saboda shi ne shugaba. Da farko ana cewa injin ƙungiya. Kafin a ankara ya zama injin Alhaji, shi ma Alhajin haka yake kiransa, har da shafa gemunsa da ya sha baƙin rini. To ranar wata kasuwa, fadama ba kowa, injin ya yi ƙafa. Da la'asar sai ga Mati mai gadi ya shigo gari da gudu, riga a yage, yana cewa wasu mutum uku sun zo da bindiga sun kwantar da shi sun tafi da inji.

Aka kira Ɗanbala. Shekara da shekaru shi ke gano shanun sata tun daga Sundimina har Farin Dutse, kuma yana son a san haka. Ya duƙa a inda injin yake, ya ga sawun jaki mai tsagaggen kofato a ƙafar baya. Ya bi, jama'a na biye da shi, ana ta "Sai kai, Ɗanbala." Sawun ya hau wani falalen dutse ya ɓace, don dutse ba ya riƙe sawu. Ya zagaya, ya same shi a ɗaya gefen ya nufi gari. Ya bi shi har ƙofar gidan Sabo, ga jakin a tsaye yana cin ƙaiƙayi.

Abin da bai gaya wa kowa ba, ko Ma'u, shi ne sawun da ya hau dutsen ya nutse a ƙasa irin na jakin da ke ɗauke da kaya, wanda ya sauko kuwa sama-sama ne, yana karkata nan ya ci ciyawa, ya karkata can. Jakin da aka saka ne yake komawa gida abinsa. Ya gani da idonsa. Amma mutane suna bayansa suna kiran sunansa, rana tana faɗuwa, sai ya ɗaga yatsa. A ransa ya ce a can za a tantance.

*

Washegari ya hau motar Birnin Kudu. Mai gabatar da ƙarar wani saurayi ne, Malam Jamaluddeen, wanda aka turo daga Kano, dogo mai fara'a, irin wanda uwa za ta so 'yarta ta kawo gida. Ya ba Ɗanbala kujera, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Baba, ai aikinka ya yi kyau. Da kowa na kawo mana ƙara a gyare haka, da mun huta."

"Malam, ni tambaya gare ni. An samu bindiga a gidan Sabo?"

"Ba a samu ba."

"Inji fa?"

"Shi ma."

"To ina fashin?"

Jamaluddeen ya yi murmushi, ya jingina. "Baba, ni ba mugu ba ne. Ka leƙa can baya ka gani, akwai wanda ke tsare tun kafin a yi jihar nan, ba a taɓa kiran sunansa a kotu ba. In na rubuta sata kawai, kowa sai ya ce bai yi ba, a yi ta neman shaidu har damina ta zo ta wuce. In na ɗora fashi a sama, na ƙara da haɗa baki, da shiga gonar mutum, sai ka ga shi da kansa yana roƙo a bar shi ya amsa satar. Ya yi wata shidansa ya koma gida. Kowa ya huta."

"Ko bai yi ba?"

"Wanda bai yi ba ai ya fi saurin amsawa. Shi ne ke da gidan da yake ɗokin komawa." Ya gyara takardun gabansa. "Ana ta cewa za a gyara, za a ƙaro alƙalai, za a hana tsare mutum ba shari'a. Ranar da aka gyara ni ne farkon mai murna. Kafin nan da abin da ke hannuna nake aiki."

Aka fito wa Ɗanbala da Sabo bakin wata taga mai ƙarafa. Ya rame, an aske masa kai, amma gaisuwarsa na nan yadda take, sai da ya tambayi Ma'u da awaki.

"Sabo, ranar kasuwar nan kana ina?"

"Ina gida, Kawu. Ciwon kai nake."

"Jakin fa?"

"Jakina ne."

"Na san naka ne. Wa ya fita da shi?"

Sabo ya sunkuyar da kai yana murza ƙarfen tagar da yatsa.

"Kai yaro, kisa ake maganar. Ka faɗi suna ɗaya ka kwana a ɗakinka."

"Kawu, jakin nawa ne. Sauran maganar ba ta bakina ba ce." Ya ɗago. "Wata shida ba shekara ba ce. Ka ce wa Hapsatu ta sayar da tunkiyar, kada ta taɓa geron."

Ɗanbala ya fito yana jin kamar an ɗora masa injin a ka. Yaron bai ko zarge shi ba. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

*

Alhaji Ishiyaku yana da nasa waɗanda yake zargi, kuma kullum canzawa suke. Shekaranjiya direbobin Kano masu ɗaukar tumatir ne, jiya ƙanen matarsa ta biyu, yau kuma Edward bakanike na Gwaram, tunda shi ya san cikin injin.

"Sabo ɗan aike ne kawai," in ji Alhaji. "Akwai manya a bayansa. Ka bi bakaniken nan."

Ɗanbala ya sami Edward a ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura, ƙafafunsa kawai ke waje. Shekarunsa a Gwaram sun fi na wasu 'yan garin, Hausarsa har da zagi.

"Ni? In saci wannan rubabben?" Ya fito yana goge hannu. "Baba, injin da na ce wa Alhajinku ya kawo in canza masa roba, ya ce gobe, goben har yau. Baƙin mai yake zubarwa kamar tsohuwa mai mura. Ko a ka ka ɗauke shi sai ya yi maka zane a riga."

"Ba wanda ya kawo maka shi sayarwa?"

"Ba ni ba, ba 'yan'uwana na Birnin Kudu ba, na tambaya. Ɓarawon inji ba ya kwana da shi. In har yau bai fito kasuwa ba, wanda ya ɗauka ba sayarwa ya yi niyya ba."

Da ya dawo gari Ɗanbala ya biya ta wurin Kubra mai waina, don tun a mota wata mata ta raɗa masa cewa in yana son labarin Mati mai gadi, can zai samu. Kubra bazawara ce, ta yi aure uku ta fito da ƙafarta, kuma ba ta da niyyar ɓoye wa kowa komai.

"Mati? Ranar da aka yi masa fashi?" Ta kwashe da dariya har ta kusa kifar da ƙullu. "To sai dai in ni ce 'yar fashin. Tun hantsi yake tsugune a nan yana yi mini fifitar wuta, wai in na aure shi na daina shan hayaƙi. Da me zai raba ni da hayaƙin, da kulkin gadi? Bai tashi ba sai da aka kira la'asar."

"Rigarsa a yage take?"

"Sabuwa fil, har da turare. Irin turaren nan da ke sa kuda ya canza hanya. Ka ci waina, Baba, ka rame."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ku maza kuka bi jaki."

Bai ci wainar ba.

*

Ya koma kan falalen dutsen shi kaɗai, da hantsi, ba mai kiran sunansa. Sawun kofato ya daɗe da gogewa. Ya rarrafa a kan gwiwa kamar mai neman allura, har ya ga ɗigo ɗaya baƙi, ƙura ta manne masa. Gaba kaɗan wani. Ɗigon bai nufi gari ba sam, ya gangara yamma ne, wajen da kogi ya yi kwana, inda ƙananan manoma ke da 'yan lambunansu nesa da idon Alhaji.

Tun daga kan dutsen ya hango abin. Lambunan wurin duk sun ƙone, albasa ta kwanta ta yi ja kamar an bi ta da wuta, don layin ban ruwa bai taɓa isowa gare su a kan lokaci ba. A tsakiyarsu fangalin albasa shida ko bakwai sun yi kore shar, ganye a tsaye. Ruwa ɗaya da aka ba su a ranar da suke bakin mutuwa shi ya riƙe su har aka haƙa rijiyar yashi. Ɗanbala ya tsaya ya daɗe. Ya san mai lambun. Kowa ya san shi.

Malam Abdulsamad ne, wanda ke jan salla in liman ya yi tafiya, wanda ake kira in miji da mata sun rikice. Shi ne mahaifin Hapsatu. Surukin Sabo ke nan, wanda tun da aka ɗaura aure Sabo bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ya wuce.

Ɗanbala ya bi ɗigon man ya koma baya kaɗan, ya same shi ya shiga wani kogon dutse da aka toshe da ƙaya. Ya leƙa, ya ga abin da zai gani, ya mayar da ƙayar. Sannan ya gangara.

Malam yana tsugune yana cire ciyawa. Ya ga mai zuwa, hannunsa ya tsaya.

"Albasa ta yi kyau, Malam."

"Ikon Allah, Ɗanbala."

"Ikon Allah ne. Sai dai na ga ya tsaya daidai kan iyakar lambunka."

Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas. Sun yi kaciya tare, sun yi farauta tare suna samari, ba sai an yi dogon zance ba.

"Layina ne," in ji shi a hankali. "An yi ta tsallake ni, kullum Alhaji ya ce gobe. Na ga kasuwa ta kwashe mutane, Mati ba ya nan. Na gamu da yaron nan a hanya da jakinsa, ya durƙusa, na ce zan ari jakin. Ya ce to, bai ko ɗago ba. Na ce in ba su ruwa in mayar kafin la'asar, wa zai sani. Na ɗora shi zan mayar ke nan na jiyo ihu daga gari, ana cewa 'yan fashi, ana cewa bindiga. Ɗanbala, tsoro ya kama ni. Na tura shi cikin kogo na kori jakin."

"Yaron bai faɗi sunanka ba."

"Na sani. Ba zai faɗa ba." Ya share fuska da hularsa. "Kullum in na idar da asuba sai in sa babbar riga in ce yau zan je. In kai bakin tasha sai in tuna durom, in dawo. Jiya ni na ja sallar magariba. Mutane suna bayana suna cewa amin."

"Ni ma na ga sawun jakin ba kaya," in ji Ɗanbala. "Na yi shiru."

Suka zauna, tsofaffi biyu a bakin albasa, ba wanda ya iya duban wani.

"Za ka zo ranar Lahadi," Ɗanbala ya ce daga baya. "Zan sa a tara kowa kafin a shiga kotu. Ba bindiga, ba fashi, aron inji ne. Ka faɗa da bakinka."

"Zan zo."

Da yamma Hapsatu ta tare shi a hanya. Ya ce mata ya gano wanda ya ɗauka, ta shirya ta zo Birnin Kudu. Ta tambaye shi wane ne. Ya ce ta bari sai can. Har ta yi masa addu'a, abin da ya sa ya ƙara sauri.

*

Jamaluddeen bai ƙi ba, don Alhaji ma yana son a yi ta ta ƙare. Aka taru a ofishinsa. Alhaji ya kama kujera mai hannu, Mati ya rakuɓe a bango da wata riga daban, Kubra ta zo da kwalliya kamar gidan biki. Malam Abdulsamad ya zauna a kan benci cikin babbar rigarsa, Hapsatu a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ɗauka rakiya ya yi mata. Aka shigo da Sabo. Da ya ga surukinsa sai ya nemi takalmin da zai tuɓe, babu, ya durƙusa a kusurwa ya juya fuska.

Ɗanbala ya fara da Mati. Kubra ta ba da labarin fifita da turare, ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba. Har Alhaji sai da ya rufe baki da hannun riga.

"Ka ji, Malam Jamaluddeen," in ji Ɗanbala. "Ba bindiga. Mati ya bar gadi ne, tsoron Alhaji ya sa ya yaga rigarsa."

Jamaluddeen ya juya wurin Mati, murya a sanyaye. "Mati, ka ba da magana an rubuta, ka dangwala hannu. In yau ka ce ƙarya ce, ka yi wa hukuma ƙarya, ka sa an tsare mutum, kuma sai a duba ko da kai aka haɗa baki. Wurin kwananka na nan a baya. Ka yi tunani. Ka ga bindiga ko ba ka gani ba?"

Mati ya dubi Kubra, ya dubi Alhaji. "Na gani, ranka ya daɗe. Bayan na dawo daga wurinta ne. Doguwa ce."

"Amma kai dai an yi maƙaryaci," in ji Kubra. "Allah ya rufa mini asiri da ban aure ka ba."

"To kun ji. Maganarta da tasa, alƙali ne zai raba, ranar da aka samu alƙalin." Jamaluddeen ya buɗe hannu. "Tuhumar fashi na nan."

Ɗanbala ya matso gaba. "Malam, a ce wani ne ya ɗauki injin, ba Sabo ba. A ce aro ya yi don ya ba shuka ruwa, ya zo da kansa ya faɗa."

"Sai su zama biyu. Jakin na Sabo ne, kai ka tabbatar. Mutum biyu kuwa haɗa baki ne, ga mai gadi ya ce uku ya gani, saura ɗaya ke nan. Tayin wata shida na mutum ɗaya ne da ya ce shi kaɗai ya yi. In sun zama biyu ba ni da ikon sassautawa, sai in miƙa su gaba su jira." Ya dubi ɗakin gaba ɗaya, ba fushi a fuskarsa. "Ina faɗa ne don kowa ya san abin da zai faɗa kafin ya faɗa."

Malam Abdulsamad ya dafa benci ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Ni na ɗauka."

Sabo ne. Bai juyo ba, fuskarsa na kallon bango, amma muryar ta cika ɗakin. "Ni na ɗauka, ni kaɗai. Ba wanda ya aike ni, ba wanda ya taya ni. A rubuta."

Hapsatu ta zuba masa ido. Shekara tara tana aurensa, ba ta taɓa jin ya yi tari mai ƙarfi a gaban mahaifinta ba, balle ya katse masa magana.

"Madalla," in ji Jamaluddeen, ya jawo biro. "Ina injin?"

Sabo ya manna goshi da bango.

"In ba inji ba sulhu," in ji Alhaji. "A kai shi can a matse shi ya faɗi manyansa."

Jamaluddeen ya ajiye biro. "Sabo, amsa ba kaya ba ta karɓuwa. Wanda ya ɗauka ya san inda ya ajiye. Ina yake?"

Sabo bai sani ba, kuma in aka ƙara tambaya ɗaya kowa zai gane bai sani ba. Ɗanbala ya dubi Malam, wanda ke tsaye har yanzu baki a buɗe. Ya dubi ƙeyar yaron da aka aske. Ya lissafa abin da gaskiyar da ya wahala ya tono za ta saya: tsoho da saurayi a bayan ƙarfe, ba ranar fita, da durom a ƙarshen hanya.

"Yana cikin kogon dutse, yamma da falale, an toshe da ƙaya," ya ji bakinsa na cewa. "Shi ya gaya mini ranar da na zo ganinsa. Kunya ce ta hana shi maimaitawa."

"Ka ga aiki," in ji Alhaji. "Sai kai, Ɗanbala."

Biro ya fara tafiya a kan takarda. Ɗanbala ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa.

"Kawu," in ji Hapsatu. "Ka ce mini ka gano wanda ya ɗauka."

Ɗanbala bai ɗago ba.

Ta juya a hankali, ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta. Ta daɗe tana dubansa, kamar mai karanta allon da ta san abin da ke ciki amma take fatan ta yi kuskure.

"Baba, ka ce kana da magana."

"Ina sauraro, Malam," in ji Jamaluddeen, biro a tsaye.

Malam Abdulsamad ya lashi leɓe. Ya dubi takardar, ya dubi surukinsa da ke durƙushe, ya koma ya zauna a kan bencin.

"Cewa zan yi a yi masa sassauci," in ji shi. "Yaron kirki ne."

Aka kawo tawada, aka kama babban yatsan Sabo aka dangwala. Hapsatu ta miƙe, ta kwance goyonta ta sake ɗaurawa tamau. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, mai biro, mai gemu, mai babbar riga, ta ƙare a kan Ɗanbala, wanda ya so ƙasa ta tsage.

"Hapsatu, tsaya in sa ki a mota," in ji mahaifinta.

"Ka zauna, Malam," ta ce. Ba ta ce Baba ba. "Kada ka makara, kai za ka ja magariba."

Ta fita, ta jawo ƙofar da ƙarfinta duka, ta buga ta har ƙasar bango ta zubo a kan takardar.